Sawun Takalmi a Gaban Alƙali

Ranar Lahadi 15 ga Nuwamba 1959 aka wayi gari da gawa huɗu a gidan wani babban manomi mai suna Herbert Clutter, a ƙauyen Holcomb da ke jihar Kansas ta Amurka: shi da matarsa da 'ya'yansu biyu. Waɗanda suka yi aika-aikar sun yi taka-tsantsan. Sun yanke wayar tarho, sun tsince kwanson harsasansu sun tafi da su, babu kuma maƙwabcin da ya ga fuskarsu. Abu ɗaya ido ya iya gani. A ɗakin ƙarƙashin ƙasa, a kan wani faffaɗan kwalin katifa da aka kwantar da maigidan, akwai sawun takalmi na jini mai tambarin kamfanin Cat's Paw.

Mataimakin shugaban 'yan sandan garin Garden City, Richard Rohleder, shi ya ɗauki hotunan wurin. Da ya wanke fim ɗin sai ga sawu na biyu ya bayyana a jikin kwalin nan, sawun ƙura mai zanen raga-raga, wanda manyan jami'ai suka yi ta tsayuwa a kansa ba su lura da shi ba. Hasken kyamara ya kamo abin da ido ya tsallake, kuma daga ranar aka san makasan biyu ne. 'Yan sanda suka yi gum, ba su faɗa wa 'yan jarida ba. Ranar 30 ga Disamba aka kama Perry Smith da Richard Hickock a Las Vegas, jim kaɗan bayan sun karɓo wani kwalin kayansu da suka aiko wa kansu ta gidan waya daga Meziko. Takalman duka biyu suna ciki. An rataye su a 1965, shekara guda bayan haka kuma Truman Capote ya fitar da littafinsa In Cold Blood a kan labarin.

Mai laifi zai iya sa safar hannu, zai iya naɗe fuska, amma ba shi da yadda zai yi ya shiga ɗaki ya fita bai taka ƙasa ba. Sawu kusan kullum yana nan. Wahalar ita ce mafi yawansa ba ya ganuwa, wanda ya ganu kuma ruwan sama ko iska ko ƙafafun 'yan kallo kan share shi tun kafin a zauna shari'a. Shekara fiye da 200 ke nan masu bincike suna fama da tambayoyi biyu: yaya za a fito da sawu fili, kuma yaya za a ɗauke shi a kai gaban alƙali?

Shi bin sawu ya girmi ɗan sanda nesa ba kusa ba. Larabawa suna da ilimin ƙiyafa tun kafin Musulunci, kuma duk wanda ya karanta tarihin Hijira ya san Ƙuraishawa sun ɗauki masu bin sawu da suka kai su har bakin kogon Saur. A Rajasthan da Gujarat da Sind akwai gwanayen da ake kira pagi, a Punjab kuma khoji, waɗanda Turawan Ingila suka tarar suna gano ɓarawon raƙumi ta sawunsa, har suka ɗauke su aiki. 'Yan sandan Ostireliya sun shafe fiye da ƙarni suna dogaro da 'yan asalin ƙasar wajen neman ɓatattu da gudaddu. A karkarar ƙasar Hausa ma, in aka kore wa mutum shanu cikin dare, da sassafe ake bin sawu. Dalilin sammakon ya wuce gudun kada ɓarawo ya yi nisa. Rana tana ƙasa-ƙasa a lokacin, haskenta yana zuwa ta gefe, kowane ɗan tudu da kwari na cikin sawun yana yin inuwa. In ta take tsaka sai komai ya baje, yashi ya koma yashi.

Sai dai gwanintar mai bin sawu a cikin kansa take. Zai ce wannan sawun wane ne, sai a yarda ko a ƙi. Ba zai iya ɗauko shi ya ajiye a teburin kotu wani ya duba ya ƙaryata shi ba.

Ɗaya daga cikin tsofaffin shari'un da aka rubuta inda aka gwada cike wannan giɓi ta faru ne a yankin Kirkcudbright na Sikotilan a kakar 1786. Iyayen wata budurwa sun dawo daga girbi suka tarar an yi mata yankan rago. Likitoci suka ce bahago ne ya yi yankan, kuma yarinyar tana da ciki. A bayan gida aka ga sawun wanda ya fita a guje ta cikin fadama, har ya zame daga kan dutse ya luma ƙafa a taɓo. Aka auna sawun da kyau aka ɗauki siffarsa: takalmi ne da ba a daɗe da gyara shi ba, mai ƙusoshin ƙarfe a ƙasa. Jami'in shari'ar yankin ya yi lissafin cewa makashin ba zai ƙi zuwa jana'iza ba, don kada a zarge shi. Bayan an rufe gawa sai ya tara mazan da suka halarta ya sa kowa ya cire takalminsa aka auna. Wanda ya fara dacewa na malamin makarantar garin ne, kuma saura ƙiris bawan Allah ya taka sawun ɓarawo. Da aka sake dubawa sai aka ga bakin takalminsa mai tsini ne, na sawun kuwa zagayayye. Daga baya aka zo kan wani saurayi ɗan ƙwadago, William Richardson. Takalminsa ya zauna daram, ga shi bahago, ga yaƙushi a kumatu. An yanke masa hukunci a Dumfries a 1787, ya kuma amsa laifinsa kafin a rataye shi. Labarin malamin makarantar ya cancanci a riƙe shi, domin irin wannan kusan-kuskuren bai taɓa barin sana'ar ba.

Ƙarni na 19 shi ne zamanin zuba sawu. Ana danganta wa Eugène-François Vidocq, tsohon ɗan fursunan da ya kafa rundunar 'yan sandan ciki ta Paris a wajajen 1812, fara amfani da garin filasta, irin wanda ake ɗaure karaya da shi a asibiti, wajen ɗauko sawu daga ƙasa. A tsakiyar ƙarnin wani Bafaranshe mai suna Hugoulin ya zo da dabarar daskarar da sawun da ke cikin ƙasa mai ruɓushi. Ya riƙa ɗaga kaskon garwashi a saman sawun har ƙasar ta yi zafi, sannan ya barbaɗa garin sinadarin da ake yin kyandir da shi. Garin ya narke ya shige tsakanin yashi, in ya huce ya riƙe komai a inda yake. Zuwa 1890 dabarar filasta ta zama sananniya har marubuci Arthur Conan Doyle ya sa jarumin labaransa Sherlock Holmes yana alfaharin ya rubuta ɗan littafi a kanta. Wanda ya tsara abin ya zama ilimi kuwa shi ne Hans Gross, alƙalin bincike ɗan Ostiriya, wanda littafinsa na jagorar masu bincike ya fito a 1893 da babi guda a kan sawu: yadda za a tsare shi, a auna shi, a zana shi, a zuba shi. Fassarar littafin ta Turanci a Madras ta Indiya aka fara buga ta, a 1906, ƙasar da masu bin sawu na gargajiya suke aiki a ofisoshin 'yan sanda a lokacin.

Filasta tana da aibi. Ba ta da ƙarfi, in an zo wanke ƙasar da ta manne mata sai ƙananan alamomi su goge, su ne kuma ake nema. Shi ya sa daga baya aka koma ga garin da likitocin haƙori ke zuba samfurin haƙora da shi, wanda yake daskarewa kamar dutse. Aikin da shi ba wuya, amma ba ya son gaggawa. Ana zuba kusan kilo guda a leda mai zif, a ƙara ruwa kimanin sulusin lita, a murza har ya yi kaurin ƙullun masa. Ba a kwarara shi kai tsaye a tsakiyar sawu, domin nauyinsa zai rusa zanen. Daga gefe ake zubawa, ya malala da kansa ya cika. Bayan rabin sa'a a ɗaga shi da ƙasarsa duka, a rubuta rana da wuri a bayansa, a bar shi kwana biyu ya bushe kafin a wanke.

Dusar ƙanƙara ta fi ba da ciwon kai, don garin yana ɗaukar ɗumi sa'ad da yake daskarewa, sai ya narkar da hujjar da aka zo ɗauka. Mafitar da aka daɗe da samu tana da ban mamaki: narkakkiyar farar wuta. In aka bar ta ta huce har ta fara ƙanƙara sannan aka zuba, tana taɓa sanyi take yin ɓawo nan take, kafin zafinta ya yi ɓarna. A farkon shekarun 1980 aka ƙirƙiro wani jan kaki na feshi a Suwidin, wanda ake lulluɓe sawun da shi kafin a zuba. Jan launin yana kuma taimaka wa kyamara, tunda fari a kan fari ba ya fitowa a hoto.

Duk wannan na sawu ne mai zurfi. Yawancin laifuffuka kuwa a cikin gini ake yin su, a kan siminti da tayil da katako, inda takalmi ba ya nutsewa. Abin da yake bari ɗan hoton ƙura ne siriri. A nan masu bincike suka ɗauko dabarar masu sammako suka shigo da ita ɗaki. Ana kashe fitilu, a rufe tagogi, a kwantar da tocila mai ƙarfi a ƙasa ta yadda haskenta zai bi daɓen a kwance. Ƙwayoyin ƙura su kama hasken su yi fari, ɗakin da aka rantse babu komai a cikinsa ya cika da sawaye. Ɗaukar hoton ma yana da ƙa'ida. Kyamara tana kan maɗori mai ƙafa uku, tana kallon sawun daga sama sak, da rula a gefensa daidai da zurfinsa, don a iya buga hoton da ainihin girman takalmin. Ana sauya inda haske yake fitowa aƙalla sau uku, saboda tsagar da ta yi daidai da hanyar haske ba ta yin inuwa. Karkata kyamara kaɗan ya isa ya mai da takalmi lamba 42 ya zama 43, kuma an sha asarar hujja ta wannan sakaci.

To in sawun ƙurar yana kan takardar jarida mai rubutu, ko kafet mai zane, inda ko tocila ba ta raba shi da abin da ke ƙarƙashinsa fa? Amsar daga Japan ta zo. A 1970 wani ɗan sanda a tsibirin Shikoku, Kato Masao, mai sha'awar kayan lantarki, ya lura da yadda ƙura ke taruwa a sassan akwatin talabijin da wuta mai ƙarfi ke bi. Ya yi tunanin cewa abin da ke jawo ƙura zuwa talabijin zai iya jawo ta daga ƙasa. Na'urarsa ta farko sai an jona ta da wutar gida. A farkon shekarun 1980 masana a ɗakin binciken 'yan sandan Landan suka yi mai batir da za a iya ɗauka a jaka, kuma tsarinta ne ake bi har yau.

Kallon aikinta yana da daɗi. Ana shimfiɗa wata leda mai fuska biyu, ɗaya baƙa wuluk, ɗaya mai rufin ƙarfe, baƙar tana kallon ƙasa. Sai a ɗora ɗan akwatin na'urar a gefe, rabi a kan ledar, rabi a kan wani farantin ƙarfe, a murɗa. Wuta mai ƙarfin dubban bolt, amma maras yawan da zai kashe mutum, ta shiga ledar, sai a ga ta lafe a ƙasa tana ɗan ƙara kamar ana tsotse ta. A bi ta da abin murza na roba a kori iska, a kashe na'ura, a jira cajin ya sauka, sannan a ɗaga a hankali. A ɗaki mai duhu, da tocila a kwance, sawun zai fito fari tas a kan baƙi, a juye kamar a madubi, wani lokaci har da ƙananan tsagogin da ba a taɓa zaton ƙura za ta riƙe ba. Ana ɗauko sawu haka daga ƙofar da aka banka da ƙafa, daga kantar bankin da ɗan fashi ya haura, daga kujerar mota, har daga rigar wanda aka tattaka. Kyawunta shi ne in ba ta yi aiki ba, ba ta cika ɓata komai ba, ana iya gwada wata hanya. Rauninta kuma shi ne ƙurar ba manne take ba. Yatsa ɗaya ya goga, shi ke nan, don haka ake ɗaukar hotonta da wuri a kuma manne ledar a cikin kwali maras ƙura.

Sawun da jiƙaƙƙen takalmi ya bari ya bushe ba ya bin lantarki, domin ya riga ya kama ƙasa. Shi ana ɗauko shi da wani faifan jelatin mai laushi da ɗan danƙo, ko a sa masa sinadari. Ƙasa takan ƙunshi ɓurɓushin ƙarfe, kuma akwai sinadarin tayosayanet da yake komawa ja-ja in ya haɗu da shi, sai sawun laka da ya dushe a kan takarda ko katako ya dawo. Masanan 'yan sandan Isra'ila, inda ƙura ke da yawan farar ƙasa, sun nuna a shekarun 1990 cewa wani rini mai sauya launi yana mai da irin wannan sawun shuɗi. Wato sai mai bincike ya san ƙasar garinsa kafin ya san kwalbar da zai buɗe.

Jini kuwa babi ne mai zaman kansa. Wanda ya taka jini ya yi tafiya yana barin jerin sawaye, kowane ya fi na bayansa dushewa. Na farkon sun yi jagab, jinin ya cike zanen, ba su da amfani sosai. Na can gaba, waɗanda ido ya daina gani, su suka fi riƙe ƙananan alamomi. A 1937 wani masani Bajamushe a Jena, Walter Specht, ya nuna cewa sinadarin luminol yana ba da shuɗin haske a cikin duhu in ya taɓa jini, ko da tsohon jini ne, ko da an wanke wurin. Shi ne wanda finafinai suka fi so, amma masu aikin sawu ba su cika ƙaunarsa ba. Haskensa ba ya wuce kamar daƙiƙa 30, sai an yi duhu ƙirin, ruwan feshin yana narkar da jinin ya dagula zanen, sannan ba jini kaɗai ke tayar da shi ba: bilic da jan ƙarfe da ruwan wasu tsirrai duk suna sa shi walƙiya. Ya iya nuna inda mutum ya bi. Bai iya nuna tsagar dunduniya ba.

Saboda haka aka nemi waɗanda za su rina jinin ya zauna. Amido black rini ne da masana ilimin halittu ke rina furotin da shi, yana mai da sawun jini shuɗi mai duhu, amma sai an fara kafe jinin da wani sinadari, bayan an rina kuma a ɗauraye. A shekarun 1990 wani ruwa maras launi da ake kira LCV ya samu karɓuwa, musamman bayan William Bodziak na hukumar FBI ya wallafa bayani a kansa a 1996. An haɗa shi da sinadarin kafewa a kwalba ɗaya. Ana fesawa, duk inda jini yake ya koma shunayya cikin daƙiƙoƙi, da rana tsaka, ba sai an kashe fitila ba. In daɓen baƙi ne, akwai wani rawayan rini mai ƙyalli a ƙarƙashin shuɗiyar fitila. Ƙa'idar da kowane ɗalibin sana'ar ke haddacewa ita ce jeri: hoto tukuna, sannan a ɗebi ɗan samfuri don gwajin DNA, sannan hanyoyin da ba sa taɓa sawun, sinadari a ƙarshe, don shi ba a janye shi in an fesa.

Shi wannan Bodziak, wanda littafinsa na 1990 ya zama abin dogaron masu sana'ar, duniya ta san shi ne a shari'ar O. J. Simpson. A daren 12 ga Yuni 1994 aka kashe Nicole Brown Simpson da Ronald Goldman a Los Angeles, makashin kuma ya bar jerin sawayen jini a kan tayil ɗin hanyar gidan. Zanen bai dace da ko ɗaya daga cikin dubban samfuran da FBI ke da su ba. Sai da aka aika wa hukumomin ƙetare, 'yan sandan Japan suka ba da bakin zaren, aka bi shi har wata masana'anta a Italiya mai suna Silga da ke yi wa kamfanin Bruno Magli ƙasan takalmi. Bodziak ya je can da kansa. Ya shaida wa kotu cewa takalmin Bruno Magli ne lamba 12 a ma'aunin Amurka, mai tsadar dala 160, kuma ƙafa 299 kacal aka sayar na wannan lamba a faɗin ƙasar. Simpson, wanda aka tuhuma da kisan, lamba 12 yake sawa. Amma ba a taɓa samun takalmin ba, ba a kuma iya nuna ya taɓa mallakarsa ba, aka sallame shi a Oktoba 1995. Bayan haka ne hoton da wani mai ɗaukar hoto ya yi masa a filin wasa a Buffalo a 1993 ya ɓulla, yana sanye da irin takalmin, wasu hotuna 30 suka biyo baya. A shari'ar diyya ta Fabrairu 1997 aka ɗora masa alhakin kisan, aka ce ya biya dala miliyan 33.5.

Abin lura a shaidar Bodziak shi ne inda ya tsaya. Ya faɗi iri da lamba, bai ce ƙafar wane ce a ciki ba. Sawu yana ɗauke da alamomi kashi biyu. Akwai na masana'anta, wato zane da girma, waɗanda dubban takalma suka yi tarayya a kansu. Akwai kuma na yawo: yankan kwalba, ramin ƙusa, tsakuwar da ta maƙale, cin da dunduniya ta yi ta gefe ɗaya. Da na biyun ne kawai ake iya cewa wannan takalmin ne ba wani ba, kuma sai takalmin yana hannu. Ga shi kuma takalmi ba ya zama yadda yake. In mai shi ya ci gaba da sa shi, tsofaffin alamomi suna gogewa, sababbi suna fitowa.

Shi ya sa sirri yake da tsada a wannan aiki. A 1985 masu binciken Los Angeles sun haɗa jerin kashe-kashen Richard Ramirez ta sawun wani takalmin wasanni na kamfanin Avia, lamba 11 da rabi, wanda bai yawaita a kasuwa ba. A watan Agusta magajiyar garin San Francisco, Dianne Feinstein, ta tsaya gaban 'yan jarida ta bayyana maganar takalmin. Ramirez ya ji, ya je gadar Golden Gate ya jefa shi a ruwa. An kama shi a ƙarshen watan ta wata hanya daban, amma takalmin ya tafi. Yau neman irin takalmi ya yi sauƙi, akwai rumbunan kwamfuta masu dubun-dubatar zanen ƙasan takalma, kuma tun 2006 doka a Ingila da Wales ta ba 'yan sanda ikon ɗaukar sawun takalmin wanda suka kama ko bai yarda ba.

Da hanyoyin fito da sawu suka inganta sai wata matsala ta ƙara girma: hoto mai kyau yana da kwarjini a kotu, ko da fassarar da aka yi masa ba ta da tushe. A birnin Perugia na Italiya, bayan kisan ɗalibar nan 'yar Ingila Meredith Kercher a Nuwamba 2007, an fara cewa sawun takalmin jini da ke ɗakinta na Raffaele Sollecito ne, saurayin abokiyar zamanta Amanda Knox. Danginsa ne suka zauna suka ƙirga da'irorin da ke ƙasan takalminsa suka nuna ba su yi daidai da na sawun ba. Daga baya masanan 'yan sanda da kansu suka ce sawun na wani samfurin Nike ne irin na Rudy Guede, mutumin da aka tabbatar wa laifin. Sai kuma sawayen ƙafa da luminol ya haska a cikin gidan fiye da makonni shida bayan kisan, waɗanda aka gabatar kamar na jini ne, alhali gwaji na biyu da aka yi musu bai nuna jini ba. Kotun ƙolin Italiya ta wanke Knox da Sollecito a Maris 2015, bayan kowannensu ya yi kusan shekara huɗu a kurkuku.

Wanda ya fi wannan muni ya faru a Amurka. Louise Robbins malamar jami'a ce a North Carolina, masaniyar ilimin ɗan Adam, wadda ta yi iƙirarin cewa daga sawun takalmi za ta iya gane wanda ya sa shi, da tsawonsa da nauyinsa, har da jinsinsa. Babu wani masani da ya iya maimaita abin da take yi, amma kotuna sun yi shekaru suna karɓar shaidarta. A Fabrairu 1983 aka banka ƙofar wani gida a Naperville ta jihar Illinois aka sace yarinya 'yar shekara 10, Jeanine Nicarico, aka kashe ta. Sawun takalmi ya fito a jikin ƙofar. Masanin farko da ya duba ya ce bai dace da takalmin wanda ake zargi, Stephen Buckley, ba. Masu gabatar da ƙara suka ci gaba da neman wanda zai faɗi abin da suke so har suka dace da Robbins. Masu taya alƙali yanke hukunci suka kasa cimma matsaya a kan Buckley, ya ci gaba da zama a tsare, sai a 1987 aka janye tuhumar, bayan Bodziak ya duba ya ce ba takalminsa ba ne. Mutum biyu da aka gurfanar tare da shi an yanke musu hukuncin kisa, ba su fita ba sai 1995. Ainihin makashin, Brian Dugan, ya amsa laifin a kotu a 2009, gwajin DNA kuma ya tabbatar. A shekarar da aka saki Buckley wani kwamitin masana ya yi watsi da hanyar Robbins baki ɗaya, ita ma a shekarar ta rasu.

Ko masu aiki bisa ƙa'ida ba su tsira daga tambaya ba. Rahoton Cibiyar Kimiyya ta Ƙasa ta Amurka na 2009 ya ce babu matsaya a kan yawan alamomin da za su isa a ce takalmi kaza ne ya yi sawu kaza. A Satumba 2016 kwamitin masu ba Shugaba Obama shawara kan kimiyya ya ƙara tsanantawa. Ya ce bai ga gwajin da ya auna sau nawa masana ke kuskure ba idan suka danganta sawu ga takalmi guda ta alamomin yawo. Masu sana'ar sun ji zafin maganar, amma suka gaskiya ce, kuma ta sa aka yi abin da ya kamata a yi tuntuni. A wani bincike da aka wallafa a 2022, an ba masana fiye da 80 a Amurka sawaye da takalman da masu shirya gwajin suka riga suka san amsarsu. Danganta sawu ga takalmin da ba nasa ba ya zo kaɗan ƙwarai, amma ya faru. An kuma ga masana suna saɓawa a kan ƙarfin hukunci, wannan ya ce tabbas shi ne, wancan ya ce akwai dai kama mai ƙarfi, wani lokaci ma masani guda ya sauya matsayi da aka sake kawo masa sawun da ya riga ya duba.